An rubuta 3200 a kwali, kwamfuta na nuna 2133: Ina sauran gudun RAM ɗinka ya tafi?

Idan a gidanku akwai ɗalibin da ke zanen gine-gine a kwamfuta, ko budurwar da ke haɗa bidiyon biki, ko matashin da ya buɗe shagon buga takardu da cike fom, da wuya a ce ba ka taɓa jin wannan roƙo ba: "Kwamfutar nan ta yi nauyi, sai an ƙara mata RAM." Sai a yi ta faɗi-tashi a haɗa kuɗi, a shiga kasuwa, a zaɓo wadda aka rubuta wa babbar lamba a kwali, misali 3200, saboda mai shago ya ce ita ce mai gudu. A dawo gida a saka. Bayan kwana biyu yaro ya duba ya ga kwamfuta na nuna 2133. Daga nan zargi ya tashi: ko dai mai shago ya sayar da jabu, ko mai gyara ya musanya ta.

Kafin ka ɗauki kwali ka koma kasuwa da faɗa, mai karatu, dakata tukuna. Jabun kaya dai akwai su, amma a yawancin lokuta irin wannan babu wanda ya cuce ka. Haka aka tsara kwamfuta ta yi. Lambar da ke kan kwali alƙawari ne mai sharaɗi, kuma cika sharaɗin na iya ɗaukar minti biyar kacal a wata kwamfutar, a wata kuma ba zai taɓa yiwuwa ba. Sanin wace ce taka a cikin biyun shi zai hana ka asarar kuɗi, ya kuma hana ka ɓata da mutumin da bai yi maka laifi ba.

Mece ce RAM, kuma me lambar ke nufi?

Ɗauki kwamfuta tamkar kicin. Ma'adanar dindindin, inda hotuna da takardu ke zama ko an kashe wuta, ita ce sito. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki, ita ce mai girki. RAM kuwa ita ce teburin da mai girki ke baje kayan miya a kai. Duk abin da za a yi aiki da shi sai an ɗauko shi daga sito an ɗora a tebur, kuma da zarar an kashe kwamfuta, teburin ya koma wayam.

Lambobi biyu ne ke kan kowace sandar RAM. Ta farko ita ce faɗin teburin: gigabait 4, 8, 16 ko 32. Ta biyu ita ce saurin miƙa kaya tsakanin tebur da hannun mai girki. Idan an rubuta DDR4-3200, ana nufin sandar na iya miƙa bayanai sau miliyan 3,200 a cikin daƙiƙa ɗaya. A kowace miƙawa bait takwas ke wucewa, don haka lissafin ya kama kimanin gigabait 25.6 a daƙiƙa. A gudun 2133 kuwa kimanin gigabait 17 ne. Ka ga ke nan wanda ya biya kuɗin 3200 amma yake tafiya a kan 2133, kashi ɗaya cikin uku na abin da ya saya yana kwance ba ya aiki. Yanzu kuma da farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo tun ƙarshen shekarar 2025, saboda yadda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira ke wawashe ta, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Me ya sa take tashi da ƙaramin gudu?

Akwai wata ƙungiyar masana'antu mai hedikwata a Amurka da ake kira JEDEC. Ita ke tsara ƙa'idojin da masu ƙera RAM da masu ƙera kwamfuta suke bi, domin sandar da aka yi a wata masana'anta ta yi aiki a kwamfutar wata masana'anta. Ita ta fitar da ƙa'idar DDR4 a 2012, da ta DDR5 a 2020. A jikin kowace sanda akwai wani ɗan ƙaramin guntu da ake kira SPD, wanda aka rubuta bayanan sandar a ciki. Duk lokacin da ka kunna kwamfuta, sai ta karanta wannan guntu, ta zaɓi gudun ƙa'ida wanda take da tabbacin ba zai ba ta matsala ba. A sandunan DDR4 da ake tallata wa masu wasanni da masu haɗa bidiyo, wannan gudu yawanci 2133 ne ko 2400 ko 2666. A DDR5 kuma yawanci 4800 ne.

To ina babbar lambar ta fito? Kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawan ƙwayoyin RAM na duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Wasu kamfanonin, irin su Corsair da G.Skill da Kingston, suna sayen ƙwayoyin, su tace waɗanda suka fi juriya, su gwada su a gudun da ya zarce na ƙa'ida tare da ɗan ƙarin ƙarfin wuta. Sakamakon gwajin sai su rubuta shi a cikin SPD a matsayin zaɓi na biyu. Wannan zaɓi shi ne XMP, wanda kamfanin Intel ya ƙirƙiro a 2007. Kamfanin AMD ya fito da nasa mai suna EXPO a 2022. Sandar DDR4 ta ƙa'ida na amfani da bolt 1.2, amma a ƙarƙashin XMP yawanci tana neman 1.35. Tun da ƙarin wuta da ƙarin gudu sun fita daga ƙa'ida, kwamfuta ba za ta yi gaban kanta ta ɗauka ba. Sai mai ita ya shiga ya ba ta izini.

Fara da dubawa

A Windows 10 ko 11, danna Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda. Shafin Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, ka zaɓi Memory. A ƙasa za ka ga Speed da lamba a gabanta, sannan za ka ga gurabe nawa ne a cike cikin guraben da kwamfutar ke da su. Rubuta su a takarda.

Idan kana son cikakken bayani, akwai manhaja ta kyauta mai suna CPU-Z. Sai dai a nan mutane da yawa ke ruɗewa. A sashen Memory za ta iya nuna maka 1600, ka ɗauka an cuce ka ninki biyu. Ma'anar DDR ita ce ana miƙa bayanai sau biyu a kowane bugun agogo, manhajar kuma bugun agogon take ƙirgawa. Saboda haka ninka lambar sau biyu: 1600 na nufin 3200, lafiya lau ke nan. Idan ka ga 1066 ko kusa da haka, kana kan 2133. A sashen SPD na manhajar kuma za ka ga sunan kamfanin da ya yi sandar, da jerin gudun da aka rubuta a cikinta. Idan ka ga XMP-3200 a jerin, ka tabbata abin da aka rubuta a kwali yana cikin sandar. Idan babu 3200 ko'ina, a nan ne kake da hujjar komawa wurin mai shago.

Abu uku ne sai sun yarda

Gudun RAM shawara ce tsakanin sandar da furosesa da madabod, wato babban allon da dukkan sassan kwamfuta ke maƙale a jikinsa. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi ke yanke hukunci. Wannan batu ya fi shafar mu a nan, domin yawancin kwamfutocin da ke gidajenmu na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama amfani da su aka shigo da su, irin waɗanda za ka tarar jibge a Computer Village da ke Ikeja ko Banex Plaza a Abuja ko shagunan Kano.

Kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre galibi ba su da zaɓin XMP kwata-kwata. An yi su ne don su yi shekaru suna aiki ba tare da tangarɗa ba, kamar motar haya da aka ɗaura wa na'urar taƙaita gudu. Haka ma akasarin laftof. A irin waɗannan, iyakar furosesa ita ce iyakarka. Intel Core i5 zubi na shida, wanda 'yan kasuwa ke kira 6th gen, irin i5-6500, yana tsayawa a 2133. Zubi na bakwai yana kai 2400. Na takwas na kwamfutar tebur, irin i5-8500, yana kai 2666, amma i5-8250U da ke cikin laftof masu yawa 2400 ne iyakarsa. Ko ka saka masa sanda mai 3200, a kan 2400 zai tafi da ita, kuma babu mai gyaran da zai canza hakan.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ciwo. Idan ka sayi sanda mai ƙyalƙyali da fitilu wadda 3200 ɗinta na XMP ne, ka saka a kwamfutar ofis da ke iya 2666, tana iya komawa 2133, domin shi ne gudun ƙa'idar da aka rubuta mata. Ka biya kuɗi da yawa ka samu ƙasa da abin da sanda mai araha za ta ba ka. Ga irin wannan kwamfuta, nemi sanda ta ƙa'ida, mara ado, mai bolt 1.2. Za ka gane ta da rubutun da ke kan takardar jikinta: PC4-2400T, ko PC4-2666V, ko PC4-3200AA. Waɗannan suna hawa gudunsu da kansu ba tare da an taɓa komai ba, matuƙar furosesa ta iya.

Kwamfutar da XMP ke aiki a kanta ita ce wadda aka harhaɗa da madabod na ASUS ko MSI ko Gigabyte ko ASRock da makamantansu. Ko a nan ma akwai bambanci. A ɓangaren Intel, tsofaffin madabod masu araha irin H410 da B460 ba sa barin RAM ta wuce iyakar furosesa. Daga B560 na shekarar 2021 ne aka sassauta wa masu matsakaicin kuɗi. Madabod na AMD Ryzen kuwa yawancinsu sun daɗe da barin hanyar a buɗe.

Yadda ake kunnawa

Da farko kwafe muhimman takardu da hotuna zuwa filash ko wata ma'adana ta daban. Idan aikin kammala karatun ɗanka ko lissafin shagon uwargida na ciki, wannan mataki ya fi duk sauran muhimmanci.

Sai ka duba inda aka soka sandunan. Idan madabod na da gurabe huɗu kuma sanda biyu gare ka, a yawancin madabod ana saka su ne a gurbi na biyu da na huɗu idan ka ƙirga daga wajen furosesa. An fi rubuta musu A2 da B2. Saka su a haka na buɗe hanyoyi biyu na miƙa bayanai a maimakon ɗaya, kuma yana taimaka wa sandunan su jure babban gudu. Cire wayar wuta kafin ka taɓa komai a ciki, ka kuma dafa ƙarfen akwatin da hannu tukuna, musamman a lokacin hunturu da iska ta bushe, lokacin da jiki ke tara wutar nan da ke tartsatsi idan ka taɓa ƙofar mota.

Daga nan kunna kwamfutar, ka riƙa danna Delete ko F2 tun kafin tambarin Windows ya bayyana. Za ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod. Nemi XMP ko EXPO. A madabod na ASUS mai furosesar AMD za ka iya ganin an rubuta DOCP, a na MSI kuma A-XMP. Duk abu ɗaya ne. Canza shi daga Disabled ko Auto zuwa Profile 1, ka duba ka ga gudun da ya fito ya yi daidai da na kwali, sannan ka danna F10 ka amince a adana. Kada ka taɓa sauran lambobin wuta da ke wurin.

Kwamfutar za ta sake tashi da kanta. Fuskarta na iya yin baƙi na wani lokaci, fanka na juyawa, ko ta mutu ta tashi sau biyu ko uku. Gwaji take yi tsakaninta da sandunan, kuma a DDR5 wannan na iya ɗaukar mintoci. Yi haƙuri, kada ka zare waya. Idan ta shiga Windows, koma Task Manager ka duba lambar.

Idan ta ƙi tashi fa?

Kada hankalinka ya tashi, da wuya a ce wani abu ya ƙone. Yawancin madabod suna komawa tsohon saiti da kansu bayan sun gwada sun kasa. Idan taka ta ƙi, kashe ta, zare wayar wuta, ka cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin madabod, mai lamba CR2032. Jira kamar minti biyar ka mayar. Saitin zai koma yadda ya zo daga masana'anta.

Abin da ya fi jawo wannan matsala shi ne gauraya sanduna. Mu kan ƙara sabuwa a kan tsohuwa saboda tsimi, amma sanduna biyu daga kamfani daban, ko masu gudu daban, suna komawa gudun wadda ta fi jinkiri, wani lokaci ma su ƙi jituwa da XMP gaba ɗaya. Alƙawarin kamfani ya tsaya ne a kan sandunan da aka sayar tare a kwali ɗaya. Cike gurabe huɗu ma yana ƙara wa furosesa nauyi, musamman a DDR5. Idan haka ta faru, kunna XMP ɗin, sannan ka rage gudun da hannu mataki ɗaya: daga 3600 zuwa 3200, ko daga 3200 zuwa 3000. Gudun da ya ɗan ragu amma ya zauna daram ya fi babbar lambar da ke kashe kwamfuta a tsakiyar aiki.

Wani lokaci maganin shi ne sabunta BIOS daga shafin kamfanin madabod. A nan sai an yi hattara biyu. Na farko, idan aka ɗauke wuta ana tsakar sabuntawa, madabod na iya mutuwa. Kada ka yi shi a kan wutar NEPA kai-tsaye. Yi da UPS ko inbata mai cikakken caji. Na biyu, idan an kulle ma'adanar kwamfutar da BitLocker, Windows na iya neman mabuɗi mai lambobi 48 bayan an sabunta BIOS ko an goge saitinsa. Nemo wannan mabuɗi a asusun Microsoft na mai kwamfutar ka rubuta a takarda tun kafin ka fara, domin idan babu shi, takardun da ke ciki sun kulle ke nan.

Tashi ba shi ne lafiya ba

Kwamfuta na iya tashi a sabon gudu amma tana yin ƙananan kurakurai a ɓoye. Alamominsu su ne shuɗin allo na Windows, manhaja ta rufe kanta ba dalili, ko fayil ya ƙi buɗewa bayan an adana shi. Wannan na ƙarshe shi ne mafi haɗari, domin kuskuren da aka yi a tebur yana bin kaya ya koma sito. Saboda haka gwada ta. Windows na da nata magwajin: rubuta Windows Memory Diagnostic a wurin bincike ka bi umarni. Wanda ya fi shi tsanani shi ne MemTest86, da ake ɗorawa a filash a bar shi yana aiki na sa'o'i. Kuskure ko guda ɗaya ya fito, rage gudu ka sake gwadawa.

Ka tuna da yanayinmu ma. RAM da ta ci gwaji a sanyin Disamba na iya fara kuskure a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, musamman idan ƙurar hunturu ta toshe fankoki. Busa ƙurar, ka ɗaga akwatin daga ƙasa, ka bar masa sararin shan iska.

Batun garanti kuma, Intel da AMD duk suna ɗaukar XMP da EXPO a matsayin tura na'ura fiye da ƙa'ida, kuma a rubuce suke cewa hakan na iya shafar garantin furosesa. Mutane da yawa a duniya na amfani da su shekara da shekaru lafiya, amma haɗarin ba sifili ba ne. A 2023 an samu rahotannin ƙonewar wasu furosesa na Ryzen 7000 saboda wasu madabod na tura musu wuta fiye da kima, har AMD ta fitar da gyaran da ya ƙayyade wutar wannan sashe a bolt 1.3. Duk mai irin wannan kwamfuta ya tabbata BIOS ɗinsa sabo ne kafin ya kunna EXPO.

Shin wahalar ta biya?

Ya danganta da aikin. Mai rubutu a Word, ko kallon karatu a YouTube, ko cike fom ɗin JAMB, da ƙyar zai ji wani bambanci. Wanda zai ji shi ne mai haɗa bidiyo, da mai wasannin kwamfuta, da mai furosesar Ryzen, sai kuma wanda kwamfutarsa ba ta da katin hoto na daban, domin a irin wannan sashen hoto na cin abinci ne daga teburi ɗaya da furosesa.

Idan kwamfutar gidanku na jan ƙafa wajen tashi da buɗe manhaja, akwai abubuwan da suka riga gudun RAM a layi. Tsohon faifan ajiya mai juyawa ya fi komai jawo nauyi, kuma musanya shi da SSD ya fi kowane gyara fitowa fili. Na biyu shi ne faɗin teburin: gigabait 4 ya yi kaɗan ga Windows ta yau, 8 ne mafi ƙarancin abin da za a sake da shi, 16 kuma ga mai aiki mai nauyi. Na uku, sanda biyu masu gigabait 8 sun fi sanda ɗaya mai 16, saboda hanyoyi biyun da aka ambata. Sai bayan waɗannan ne gudu ke shigowa.

Kafin ka miƙa kuɗi

Rubuta cikakken sunan kwamfutar da lambar furosesarta, ka bincika iyakar gudunta a shafin Intel ko AMD ko na kamfanin da ya yi ta. Tabbatar ko DDR3 ce ko DDR4 ko DDR5, domin ba sa shiga gurbin juna, kuma sandar laftof ta fi ta kwamfutar tebur gajarta. Wasu siraran laftof ma an like musu RAM a jikin madabod, ba a ƙarawa ba a ragewa, haka ma kwamfutocin Apple na zamani. Idan zai yiwu, tafi da kwamfutar shago, a saka sandar a gabanka, a buɗe Task Manager da CPU-Z ku duba tare da mai shago. Ku yi yarjejeniya a kan kwanakin da za ka iya dawo da ita idan gwaji ya nuna kuskure, a rubuta a rasit. Idan yaron gidan ne ya fi ka sanin kwamfuta, ba shi wannan aiki ya yi a gabanka, ya nuna maka lambar kafin gyara da bayan gyara.